Yadda ake tantance mai sayen bindiga a Amurka

Duk lokacin da wani ɗan bindiga ya yi harbin kan mai uwa da wabi a Amurka, ko a makaranta ne, ko a coci, ko a kasuwa, tambayar farko da 'yan jarida kan yi wa 'yan sanda ita ce ta yaya ya sami bindigar. Sau da yawa amsar kan kasance cewa a shago ya saye ta, da rana tsaka, bayan hukuma ta duba tarihinsa ta kuma ce a sayar masa.

Wannan dubawa, wadda ba ta cika wuce 'yan mintoci ba, ita ce ginshiƙin dokokin taƙaita mallakar bindiga a ƙasar da bindigoginta suka fi mutanenta yawa. Cibiyar Small Arms Survey da ke Geneva ta ƙiyasta a shekarar 2018 cewa fararen hula a Amurka suna riƙe da bindigogi kimanin miliyan 393, wato kusan bindiga 120 ga kowane mutum 100. Alƙaluman hukumar kula da cututtuka ta ƙasar, CDC, sun nuna cewa mutane 48,830 ne bindiga ta yi sanadin mutuwarsu a shekarar 2021, kuma fiye da rabinsu su ne suka harbe kansu da kansu.

A Najeriya, dokar makamai ta 1959 ta ɗora wa mai son bindiga nauyin neman lasisi daga hukuma tun kafin ya riƙe ta. A Amurka lamarin ya sha bamban. Gyara na biyu da aka yi wa kundin tsarin mulkin ƙasar a 1791 ya tanadi 'yancin mallakar makami, kuma a 2008 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa wannan 'yanci na kowane ɗan ƙasa ne shi kaɗansa, ba sai yana cikin wata runduna ba. Saboda haka a dokar tarayya mai saye ba ya buƙatar ya faɗi dalilin da ya sa yake son bindiga. Hukuma ce ke da nauyin gano dalilin da zai sa a hana shi, kuma idan ba ta gano ba, sai a ba shi.

Asalin dokar

Dokar da ta fara jera rukunin mutanen da aka haramta wa bindiga dalla-dalla ita ce ta 1968, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sanya wa hannu bayan kisan Martin Luther King da Sanata Robert Kennedy a wannan shekarar. Shekaru biyar kafin nan an kashe Shugaba John Kennedy da bindigar da maharbin ya yi oda ta gidan waya. To amma dokar ta 1968 tana da babban rauni. Mai saye zai cike takarda ya ce shi ba mai laifi ba ne, dillali ya karɓa ya ajiye, babu wanda zai tabbatar ko gaskiya ya faɗa.

A ranar 30 ga watan Maris na 1981, John Hinckley ya harbi Shugaba Ronald Reagan a ƙofar wani otel a birnin Washington. Harsashi ɗaya ya sami kakakin fadar shugaban, James Brady, a kai, ya kuma bar shi da shanyewar ɓarin jiki har ƙarshen rayuwarsa a 2014. Hinckley ya sayi ƙaramar bindigar ne a wani shagon jingina a Dallas da ke jihar Texas, kwanaki kaɗan bayan an kama shi da bindigogi a jakarsa a filin jirgin saman Nashville, an ci shi tara an sake shi. Brady da matarsa Sarah suka ɗauki shekaru suna fafutuka a majalisa. An fara gabatar da ƙudirin a 1987, amma sai ranar 30 ga Nuwamban 1993 Shugaba Bill Clinton ya sanya masa hannu ya zama dokar da ake kira Dokar Brady. Har yau dai ana gardama a kan ko binciken da dokar ta kawo zai iya hana Hinckley kansa sayen bindiga, tun da ba a taɓa samunsa da babban laifi ba.

Dokar ta fara aiki a Fabrairun 1994 da tsari na wucin gadi: mai sayen ƙaramar bindiga zai jira har kwana biyar, shugaban 'yan sandan yankinsa kuma ya binciki tarihinsa. Wasu shugabannin 'yan sandan gunduma suka ƙi, ciki har da Jay Printz na jihar Montana, suka kai ƙara tare da goyon bayan ƙungiyar masu rajin mallakar bindiga ta NRA. A 1997 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta ce gwamnatin tarayya ba ta da ikon tilasta wa jami'an jiha su yi mata aikinta. Wannan hukunci shi ne tushen yawancin matsalolin da za a gani nan gaba, domin har yau Washington sai dai ta lallashi jihohi ko ta ba su kuɗi, ba ta iya umartarsu.

A ranar 30 ga Nuwamban 1998 tsarin dindindin ya fara aiki. Sunansa a taƙaice NICS, hukumar binciken manyan laifuka ta FBI ce ke gudanar da shi daga cibiyarta da ke Clarksburg a jihar West Virginia.

Abin da ke faruwa a shago

Mai saye zai nuna katin shaida na gwamnati mai hoto da adireshi, galibi lasisin tuƙi. Daga nan sai ya cike wani fom mai lamba 4473 na hukumar ATF, wadda ke kula da harkokin barasa da taba da makamai. Zai rubuta sunansa da ranar haihuwa da wurin haihuwa da siffar jikinsa, sannan ya amsa jerin tambayoyi da e ko a'a: ko shi ne ainihin mai sayen, ko an taɓa samunsa da babban laifi, ko yana shan miyagun ƙwayoyi, da sauransu. Dokar tarayya ta kayyade shekara 18 ga mai sayen doguwar bindiga a wurin dillali mai lasisi, da shekara 21 ga mai sayen ƙarama.

Dillalin zai aika bayanan ta waya ko ta intanet. Kwamfuta za ta gwama su da rumbunan bayanai guda uku: na tarihin waɗanda aka taɓa kamawa ko aka hukunta, da na waɗanda ake nema da waɗanda kotu ta yi wa iyaka da wani, sai kuma wani rumbu na musamman da aka keɓe domin sunayen waɗanda aka haramta wa bindiga saboda dalilan da ba sa fitowa a sauran biyun, kamar taɓin hankali. Idan mai sayen ba ɗan ƙasa ba ne, akan tuntuɓi hukumar shige da fice.

Amsa ɗaya ce daga cikin uku za ta dawo: a sayar, ko a dakata, ko kada a sayar. Kusan tara cikin goma ana yanke su ne nan take. Ba a gaya wa dillali dalilin hanawa, kuma FBI ba ta karɓar ko sisi a kan binciken. Amincewar da aka bayar tana aiki ne na tsawon kwana 30.

Abin lura shi ne da suna ake binciken, ba da zanen yatsa ba. Don haka wanda sunansa da ranar haihuwarsa suka yi kama da na wani mai laifi yana iya shan wahala a banza. Irin wannan mutum yana da damar ɗaukaka ƙara ya aika zanen yatsunsa, kuma yana iya neman wata lamba ta musamman da zai riƙa rubutawa a fom a duk lokacin da zai sayi bindiga.

Sayen bindiga ta intanet daga wurin dillali bai kuɓutar da mutum daga binciken ba. Ba gidansa za a kai masa ba, sai shagon wani dillali mai lasisi, inda zai je ya cike fom kamar kowa. Haka nan ba a miƙa wa mutum ƙaramar bindiga a wata jiha da ba tasa ba, sai an tura ta wurin dillali a jihar da yake zaune.

Waɗanda aka haramta wa

Rukuni mafi girma shi ne na waɗanda kotu ta samu da laifin da hukuncinsa zai iya wuce ɗaurin shekara ɗaya, ko da ba su yi kwana ɗaya a gidan yari ba. Wanda ake tuhuma da irin wannan laifi shi ma ba zai sayi bindiga ba har sai an gama shari'a. Akwai wanda ya gudu daga shari'a, da wanda kotun soja ta yi wa korar wulaƙanci, da wanda ya yi watsi da zamansa ɗan Amurka.

Batun taɓin hankali ya fi ƙunci fiye da yadda mutane ke zato. Ganin likita ko shan magani ba ya hana kowa. Sai wanda kotu ko wata hukuma mai iko ta yanke cewa hankalinsa ya taɓu har yana da haɗari, ko aka tilasta kwantar da shi a asibitin masu taɓin hankali.

A 1996 majalisa ta ƙara waɗanda aka samu da laifin dukan mata ko miji ko 'ya'ya, ko da ƙaramin laifi aka ɗauke shi, kuma a 2022 aka faɗaɗa wannan ya haɗa da wanda ya ci zarafin budurwarsa ko saurayinta. Wanda kotu ta yi wa iyaka da matarsa saboda barazana shi ma yana ciki, kuma a 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar da halaccin wannan tanadi da rinjayen alƙalai takwas a kan ɗaya.

Ga baƙi kuwa, wanda ke zaune ba bisa ƙa'ida ba haramun ne a gare shi. Wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara ko ta aiki na wucin gadi shi ma a bisa ƙa'ida an hana shi, sai 'yan togaciya kaɗan, misali idan yana da lasisin farauta na wata jiha. Mai takardar izinin zama ta dindindin yana iya saye kamar ɗan ƙasa.

Tambayar shan ƙwaya ita ce ta fi jefa mutane cikin rigima. Jihohi da dama sun halatta tabar wiwi, amma a 2017 hukumar ATF ta ƙara gargaɗi a fom ɗin cewa halattawar jiha ba ta sauya matsayin dokar tarayya ba. A kan tambayar ƙwaya ne wata kotu a jihar Delaware ta sami Hunter Biden, ɗan shugaban ƙasa na lokacin, da laifi a Yunin 2024, saboda ya rubuta cewa ba ya shan ƙwaya lokacin da ya sayi ƙaramar bindiga a 2018. Mahaifinsa Joe Biden ya yi masa afuwa a Disamban 2024.

Wani abin da kan ba mutane mamaki shi ne kasancewar sunan mutum a jerin waɗanda ake zargi da ta'addanci ba ya hana shi sayen bindiga, domin zargi ne ba hukunci ba. Ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisa, GAO, ya gano cewa tsakanin 2004 da 2015 an binciki masu irin waɗannan sunaye sau 2,477, kuma an amince a sayar musu sau 2,265.

Wa'adin kwana uku

Idan amsa ta dawo cewa a dakata, ma'aikacin FBI yana da kwana uku na aiki ya kammala bincike. Yawanci matsalar ita ce rumbu ya nuna an taɓa kama mutum amma bai nuna yadda shari'ar ta ƙare ba. Sai ma'aikacin ya shiga buga waya da aika saƙo zuwa kotuna da ofisoshin 'yan sanda, wasu a ƙananan garuruwan da takardunsu ke jibge a akwatuna. Idan kwana ukun suka cika babu amsa, dokar tarayya ta ba dillali zaɓi ya miƙa bindigar. Wasu manyan shaguna ba sa miƙawa sai sun ji amsa, amma doka ba ta tilasta musu ba. Idan daga baya aka gano mutumin haramtacce ne, sai a tura jami'an ATF su je su karɓo bindigar.

Ta wannan kafa ce Dylann Roof ya bi. A Afrilun 2015 ya je sayen ƙaramar bindiga a jihar South Carolina. Makonni kaɗan kafin nan 'yan sandan birnin Columbia sun kama shi da ƙwaya, kuma ya amsa cewa tasa ce, abin da FBI ta ce ya isa a hana shi. Sai dai an yi kuskure wajen rubuta hukumar da ta kama shi, ma'aikaciyar da ke binciken ta tuntuɓi 'yan sandan West Columbia maimakon na Columbia, wa'adi ya cika, aka ba shi bindiga. A ranar 17 ga Yunin 2015 ya kashe baƙaƙen fata tara a cocin Emanuel da ke Charleston. Shugaban FBI na lokacin, James Comey, ya fito ya amince cewa bai kamata a sayar masa ba, kuma a 2021 gwamnati ta amince ta biya iyalan mamatan da waɗanda suka tsira diyyar dala miliyan 88.

Masu kare wa'adin suna cewa in babu shi, gwamnati za ta iya danne haƙƙin mutum ta hanyar jan ƙafa kawai. Jihohi da dama dai sun tsawaita shi ko kuma sun hana miƙa bindiga sai an sami amsa. A matakin tarayya sauyi ɗaya aka yi: dokar da aka kafa a Yunin 2022, bayan wani matashi ɗan shekara 18 ya kashe yara 19 da malamai biyu a Uvalde da ke Texas, ta ce idan mai saye bai kai shekara 21 ba, sai an tuntuɓi hukumomin jiharsa da 'yan sandan garinsu a duba tarihin ƙuruciyarsa, kuma ana iya ɗaukar har kwana goma na aiki.

Abin da ba a zuba a rumbu ba

Kwamfuta ba ta iya ganin abin da ba a shigar mata ba, kuma dubban kotuna da asibitoci da ofisoshin 'yan sanda ne ke da alhakin shigarwa. Ɗalibin da ya kashe mutane 32 a jami'ar Virginia Tech a Afrilun 2007 ya tsallake bincike har sau biyu, alhali a 2005 wani alƙali ya yanke cewa yana da haɗari ga kansa, ya kuma umarce shi da ya riƙa ganin likita. Jihar ba ta aika wannan hukunci ba, saboda a fahimtarta wanda aka kwantar a asibiti kaɗai ake aikawa. A Janairun 2008 Shugaba George Bush ya sanya hannu a dokar da ta ware wa jihohi kuɗi domin su inganta aika bayanai, kuma tun daga lokacin sunayen da ke rumbun saboda taɓin hankali suka ninka sau da yawa, ko da yake jihohin ba su tafi daidai ba.

Ita ma gwamnatin tarayya ba ta tsira ba. Mutumin da ya kashe mutane 26 a wani coci a Sutherland Springs da ke Texas a Nuwamban 2017 tsohon sojan sama ne, wanda kotun soja ta ɗaure a 2012 saboda dukan matarsa da ɗanta ƙarami. Rundunar sojan sama ba ta aika hukuncin ga FBI ba. Majalisa ta sake yin wata dokar gyara a 2018, kuma a 2023 gwamnati ta amince ta biya diyyar dala miliyan 144 da rabi.

Inda jihohi suka shigo

Dokar tarayya ita ce mafi ƙarancin abin da ake buƙata. Kowace jiha tana iya ƙarawa a kai, kuma a nan ne bambanci ya yi yawa har ya zama kamar ƙasashe daban-daban ake magana.

A yawancin jihohi dillali yana tuntuɓar FBI kai tsaye. A jihohi fiye da goma kuwa, kamar Kalifoniya da Pennsylvania da Florida da Illinois da Tennessee da Virginia, wata hukumar jiha yake tuntuɓa, galibi 'yan sandan jiha. Ita ce za ta duba rumbun FBI, ta kuma ƙara da nata. Virginia ta fara irin wannan bincike na nan take tun 1989, shekaru tara kafin na tarayya, New York kuma ta shiga sahu a 2023. Akwai kuma jihohi irin su Maryland da Wisconsin da suka raba aikin, jiha ta duba mai sayen ƙaramar bindiga, FBI ta duba mai sayen doguwa. Amfanin binciken jiha shi ne jami'anta suna ganin takardun da ba su taɓa isa Clarksburg ba, kuma sun san dokokin jiharsu, waɗanda sau da yawa suka haramta wa ƙarin mutane. Illarsa ga mai saye ita ce yawancin waɗannan jihohi suna karɓar kuɗi.

Wasu jihohin sun ƙara lokacin jira ko da bincike ya fito da tsabta. A Kalifoniya kwana goma ne, a Illinois sa'o'i 72. Manufar ita ce a ba wanda ya zo cikin fushi ko ɓacin rai lokaci ya huce. Wasu kuma, irin su Massachusetts da New Jersey da Connecticut da Hawaii, sun wajabta neman izini daga hukuma tun kafin a je shago, inda ake ɗaukar zanen yatsa, a wasu wuraren har da horo. A ɗaya ɓangaren, jihohi irin su Texas sun sami amincewar ATF cewa mai riƙe da lasisin ɗaukar bindiga da aka bayar cikin shekara biyar ba sai an sake bincikensa a shago ba. Missouri ta soke dokar neman izininta a 2007, North Carolina ta soke tata a 2023.

Cinikin da ba a bincike

Dokar Brady ta shafi dillalai masu lasisi ne kawai. Idan mutum ya sayar da bindigarsa ga maƙwabcinsa, ko ga wanda suka haɗu a intanet, ko a wurin baje kolin bindigogi, kuma dukansu 'yan jiha ɗaya ne, dokar tarayya ba ta buƙaci bincike ko takarda ba. Abin da ta hana shi ne ya sayar wa wanda ya sani, ko yake da dalilin zaton, haramtacce ne. Jama'a kan ɗora laifin a kan baje koli, amma dillali mai lasisi dole ne ya yi bincike ko a ina ya kasa kayansa. Mai sayarwa ne abin dubawa, ba wurin cinikin ba.

Wani nazari da masu bincike daga jami'o'in Harvard da Northeastern suka wallafa a 2017 ya gano cewa kashi 22 cikin 100 na waɗanda suka mallaki bindiga cikin shekaru biyu kafin a tambaye su, ba a bincike su ba. Mutumin da ya kashe mutane bakwai a Odessa da Midland da ke Texas a Agustan 2019 ya taɓa faɗuwa binciken a 2014, sai ya sayi bindigarsa a hannun wani mutum da ba shi da lasisi.

Jihohi kusan 20 sun toshe wannan kafa gaba ɗaya ko wani ɓangarenta, galibi ta hanyar cewa mai saye da mai sayarwa su je shagon dillali ya yi musu binciken. Kalifoniya ta fara tun 1991, Colorado da New York a 2013, jihar Washington ta hanyar ƙuri'ar raba gardama a 2014. Masu adawa na cewa ba yadda za a tilasta bin irin wannan doka sai gwamnati ta san wa ke da wace bindiga, wato sai an yi rajista, abin da suke gani matakin farko ne na ƙwace makamai.

Wannan tsoro ya shiga cikin dokar kanta. Dokar 1986 ta haramta wa gwamnatin tarayya kafa rajistar masu bindiga, kuma tun 2004 FBI tana goge bayanan wanda aka amince masa cikin sa'o'i 24. Fom ɗin yana zama a hannun dillali, sai ya rufe shago ake kai takardunsa cibiyar ATF da ke Martinsburg a West Virginia, inda ba a yarda a tsara su ta yadda za a iya neman mutum da sunansa ba. Idan aka tsinci bindiga a wurin da aka yi laifi, sai jami'ai su bi lambarta daga kamfanin da ya ƙera ta zuwa babban dillali, zuwa shago, zuwa mai saye na farko.

Wata dabarar kuma ita ce haramtacce ya tura wani mai tsabtataccen tarihi ya saya masa. Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2014 cewa wannan laifi ne ko da wanda aka saya wa ba haramtacce ba ne, kuma dokar 2022 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 15 ga mai saya wa haramtacce. Sayen bindiga domin a ba wani kyauta ta gaskiya dai ba laifi ba ne.

Ko binciken yana aiki?

A shekarar 2020, lokacin annobar korona da zanga-zanga da zaɓe, an yi bincike kusan miliyan 40, adadin da ya zarce na kowace shekara kafin nan. Ba kowane bincike ne ke nufin an sayar da bindiga ba, domin wasu na sabunta lasisi ne. Ofishin ƙididdiga na ma'aikatar shari'a ya ce tsakanin 1994 da 2020 an hana cinikin bindiga fiye da sau miliyan huɗu, wato kimanin ɗaya da rabi cikin kowane ɗari.

Abin da ke samun waɗanda aka hana shi ne inda gwamnati ta fi nuna sakaci. Kusan duk wanda aka hana da hujja ya riga ya rubuta ƙarya a fom, laifin da ke iya kai mutum ɗaurin shekara goma. Amma GAO ta gano cewa a shekarar kasafin kuɗi ta 2017, daga cikin mutane kimanin 112,000 da FBI ta hana, ATF ta binciki kusan 12,700, kuma 12 kacal aka gurfanar a kotun tarayya. Sai a 2022 aka wajabta wa FBI sanar da 'yan sandan yanki cikin sa'o'i 24 idan ta hana wani.

Game da rage kisa, masana ba su yi ittifaƙi ba. Jens Ludwig da Philip Cook sun wallafa wani nazari a 2000 da bai ga shaidar cewa Dokar Brady ta rage yawan kisan kai ba, sai dai ya ga raguwar masu harbe kansu a tsakanin 'yan shekara 55 zuwa sama. Masu bincike a jami'ar Johns Hopkins kuwa sun danganta dokar neman izini ta Connecticut ta 1995 da raguwar kisa da bindiga, suka kuma danganta soke ta Missouri da ƙaruwarsa. Hakan ya sa da yawa ke ganin cewa tilasta wa mutum ya bayyana a gaban hukuma a ɗauki zanen yatsansa ya fi tasiri a kan binciken minti biyu a kan kanta. Wata ƙididdiga da ma'aikatar shari'a ta yi a gidajen yari a 2016 ta nuna cewa daga cikin fursunonin da suka riƙe bindiga lokacin aikata laifi, kashi 43 cikin 100 a kasuwar bayan fage suka samu, kashi 25 daga dangi ko abokai, kimanin kashi 10 ne kawai suka saya a shago. Kowane ɓangare yana ɗaukar waɗannan alƙaluma a matsayin hujjarsa: wasu su ce miyagu ba sa bi ta shago don haka binciken wahalar da mutanen kirki ne, wasu su ce binciken ne ya kore su daga shagon.

Ƙuri'un jin ra'ayi na cibiyar Pew sun sha nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na Amurkawa suna goyon bayan a faɗaɗa binciken ya haɗa da cinikin tsakanin mutane. Bayan kisan yara 20 da manya shida a makarantar Sandy Hook a Disamban 2012, Sanata Joe Manchin na jam'iyyar Democrat da Sanata Pat Toomey na Republican sun gabatar da ƙudirin da zai wajabta bincike a baje koli da cinikin intanet. A Afrilun 2013 ya sami ƙuri'a 54, alhali 60 ake buƙata. Majalisar Wakilai ta zartar da makamancinsa a 2019 da 2021, duka biyun suka maƙale a Majalisar Dattawa. A 2024 gwamnatin Biden ta bi ta wata hanya, ta fitar da ƙa'idar da ta faɗaɗa ma'anar wanda ake ɗauka dillali ne, ta yadda duk mai sayar da bindigogi domin cin riba sai ya nemi lasisi ya riƙa bincike. Texas da wasu jihohi suka kai ƙara, wani alƙalin tarayya ya dakatar da aiki da ita a kansu, kuma a Afrilun 2025 gwamnatin Shugaba Donald Trump ta sanar cewa za ta sake nazarin ƙa'idar.